Kek Ɗin Kirsimeti Da Rabon Baƙo

 

Yau ina so ne mu taɓa hira a kan wani abinci da ba namu ba, amma duk wanda ya kwana biyu a Legas ko Ibadan ko Fatakwal ko Kalaba ya san shi, ko da kuwa bai taɓa sa shi a baki ba. Ina nufin baƙin kek ɗin nan mai nauyi, wanda ake cika shi da zabibi da busassun 'ya'yan itatuwa, da yake fitowa a watan Disamba lokacin bikin Kirsimeti. Za ku gan shi a manyan kantuna an naɗe shi da leda mai ƙyalli, za ku gan shi a cikin kwandon kyautar nan da ake kira hamfa, wani lokacin kuma maƙwabci ne zai aiko yaro da yanka biyu a faranti. Da yawa daga cikinmu idan aka aiko sai mu ce an gode, mu ɗora a kan firji, daga nan kuma mu rasa yadda za mu yi da shi. Wasu su miƙa wa mai gadi, wasu su jira dare ya yi su zubar.

To, shekarun da na yi a Legas sun sa na san wannan kek farin sani, na ga yadda ake yin sa, na kuma bi diddigin tarihinsa. Abin da na fahimta shi ne, tun asalinsa an yi shi ne domin a raba. Girmansa da nauyinsa da daɗewar da yake yi bai lalace ba, duk domin ya iya fita daga gidan da aka gasa shi ne ya shiga wani gidan. Kuma a cikin tsofaffin al'adunsa akwai yanka guda da ake warewa musamman saboda baƙo. Tun da mu baƙi ne a nan, ina ganin ya kamata mu san labarin rabonmu.

Asalin wannan kek daga Ingila yake, kuma da farko ma ba kek ba ne. Shekaru ɗari huɗu zuwa ɗari biyar da suka wuce, abin da mutanen ƙasar suke buɗe cin abincin Kirsimeti da shi wani irin fate ne mai kauri. Romon naman sa ake samu, a zuba masa garin burodi da zabibi da sauran busassun 'ya'yan itatuwa da kayan ƙamshi, a tsiyaya giya kaɗan, a yi ta juyawa har ya haɗe. Da tafiya ta yi tafiya sai faten ya rabu gida biyu. Wani aka ƙara masa kauri, aka ɗaure shi a ƙyalle ana dafa shi cikin ruwa kamar yadda muke yi wa alala, shi ne suke kira pudin. Wani kuma aka cire masa nama, aka sa masa fulawa da bota da ƙwai aka gasa, shi ne kek ɗin da muke magana a kai.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa sai busassun 'ya'yan itatuwa? Dalili shi ne watan Disamba a Ingila tsakiyar hunturu ne, itatuwa sun kaɗe, babu wani ɗanyen abu a gona. Sai abin da aka shanya aka ajiye, shi ma yawancinsa daga waje ake shigo da shi. Zabibi daga ƙasashen Girka da Sifen, kirfa da kanumfari da citta da gyaɗar ƙamshi daga Indiya da tsibiran da ke gabas da ita. Waɗannan kaya a wancan zamani tsadarsu ba ta talaka ba ce, saboda haka tara su duka a kwano ɗaya abu ne na sau ɗaya a shekara, kamar yadda magidanci a wajenmu yake tara kuɗin rago tun watanni kafin layya.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a da ba ranar Kirsimeti ake yanka wannan kek ba. Bikin nasu na kwana goma sha biyu ne, daga 25 ga Disamba har zuwa wajen 6 ga Janairu, ranar da Kirista suke tunawa da zuwan waɗansu masana daga gabas da kyaututtuka wurin Annabi Isa, alaihis salam, yana jariri. A daren ƙarshen nan ake fito da kek, kuma a nan ne al'adar da ta fi burge ni take. Kafin a gasa, sai a ɓoye ƙwayar busasshen wake guda ɗaya a cikin kwaɓin, a wani gefen kuma a sa wata ƙwayar daban. Idan an yanka an rarraba, namijin da ya tsinci waken a rabonsa shi ne sarkin daren, macen da ta tsinci ɗaya ƙwayar ita ce sarauniya. Abin da suka ce shi za a yi har a tashi daga shagali, ko da kuwa bara ne ko kuyanga. Mai gida da kansa zai rusuna wa yaron gidansa na dare ɗaya. Wasu masana tarihi suna danganta wannan da wani tsohon bikin Rumawa na watan Disamba, wanda a cikinsa ake zaɓen sarkin wasa ta hanyar ƙuri'a, iyayen gida kuma su yi wa bayinsu hidima.

Wasan bai tsaya a gidajen talakawa ba. A farkon shekarun 1560, a fadar Sarauniya Mary ta Sikotland, wata daga cikin 'yan matan da suke yi mata hidima mai suna Mary Fleming ta zama sarauniyar wake, aka yi mata ado da tufafi masu zaren azurfa da duwatsu masu daraja. Haka kuma wani ma'aikacin rundunar jiragen ruwan Ingila mai suna Samuel Pepys, wanda ya shahara saboda littafin da yake rubuta abin da ya faru da shi kullum, ya ambaci wannan dare fiye da sau ɗaya. A shekarar 1660 ƙanwarsa ce ta zama sarauniya. A 1669 kuwa, saboda kada baƙi su farfashe kek wajen neman wake, sai aka rubuta muƙamai a takardu aka zuba cikin hula kowa ya ɗauka, shi kuma da ya buɗe tasa sai ya ga sarauniya ya ɗauko.

Ku lura da wani abu a nan. Wannan wasa ba ya yiwuwa sai kowa ya samu yanka. Idan aka hana mai wanke-wanke, wataƙila waken yana cikin rabon da aka hana shi, kun ga ke nan babu sarki, babu wasa. Ƙwayar wake guda ɗaya ta tilasta wa mai gida ya ƙirga duk wanda yake ƙarƙashin rufinsa.

Faransawa, waɗanda har yau suke riƙe da irin wannan al'ada da nasu kek ɗin na sarakuna a farkon watan Janairu, sun ƙara mata wasu abubuwa biyu. Na farko, ƙaramin yaron gidan ne yake shiga ƙarƙashin tebur inda ba ya ganin komai, mai yanka ya ɗaga kowane yanka ya tambaya na wane ne, yaro ya faɗi suna. Ta haka babu son kai. Na biyu, a tsohuwar al'ada ana yanka kek ɗin ne daidai yawan mutanen da ke wurin, sannan a ƙara guda ɗaya. Wannan ƙarin suna kiransa rabon talaka ko rabon Allah, ana ajiye shi ne domin duk wanda ya fara ƙwanƙwasa ƙofa, mabaraci ne ko matafiyi. Wani abin dariya kuma, wanda ake kai wa fadar shugaban ƙasar Faransa ba a sa masa komai a ciki, domin jamhuriya ce, ba a so a wayi gari an naɗa shugaba sarki ko da na wasa. A ƙasar Meziko kuwa ɗan ƙaramin mutum-mutumin jariri ake ɓoyewa, wanda ya tsince shi kuma bashi ya hau kansa, domin shi zai ciyar da jama'a ranar 2 ga Fabrairu. Wato wanda ya ci sa'a shi zai yi rabo na gaba.

Mu koma Ingila. Ba kullum wannan shagali yake samun karɓuwa ba. A lokacin yaƙin basasar ƙasar, masu tsattsauran ra'ayin addini da suka rinjayi majalisar dokoki sun ga bikin ya cika shaye-shaye da almubazzaranci, kuma ba su ga hujjarsa a littafinsu ba. A shekarar 1647 majalisa ta soke bikin Kirsimeti da na Ista, aka ce a buɗe kantuna a yi aiki kamar kowace rana. Jama'a ba su yarda ba, har tarzoma ta ɓarke a garin Canterbury a watan Disamban wannan shekarar. Dokar ta faɗi a 1660 da aka dawo da sarauta a hannun Sarki Charles na Biyu. Wanda ya san yadda mutanenmu suke da tuwon sallah zai gane cewa raba jama'a da abincin bikinsu ba ƙaramin aiki ba ne.

Daga nan kek ɗin ya yi ta ƙara girma da zaƙi, kuma a nan tarihinsa ya taɓo gaɓar tekun da muke zaune a kai. Abin da ya sa sukari ya yi araha a Ingila a ƙarni na 18 shi ne gonakin rake na tsibiran Karibiyan irin su Jamaika da Barbados, waɗanda bayi suke nomawa. Da yawa daga cikin bayin nan an loda su a jirgi ne daga tashoshi irin su Bonny da Kalaba. Ba na iya kallon farin sukarin da ake shafe saman kek ɗin da shi ban tuna da wannan ba. Jikokin mutanen nan daga baya suka karɓi kek ɗin iyayen gidansu suka juya shi ya zama nasu. A Jamaika da Trinidad da Guyana suna jiƙa 'ya'yan itatuwan a giyar rake na tsawon watanni, su niƙa su, su ƙona sukari har ya yi baƙi su zuba. Shi ne baƙin kek ɗin da babu Kirsimeti ko bikin aure a can sai da shi, kuma ana rarraba shi gida-gida.

Akwai ma wanda ya bar wasiyya a kan wannan kek. Wani ɗan wasan kwaikwayo a Landan mai suna Robert Baddeley, wanda ya rasu a 1794, ya bar fam 100 ya ce a riƙa amfani da ribarsu ana saya wa 'yan wasan gidan kwaikwayo na Drury Lane kek da abin sha a kowane daren goma sha biyu. Dalilinsa a fili yake, 'yan wasa suna bakin aiki a daren da kowa yake gida da iyalinsa. Fiye da shekaru 200 ke nan ana cika masa wannan wasiyya, 'yan wasa su gama wasa su taru da kayan wasansu a jiki a yanka. Ga mutumin da ya tuna da waɗanda aiki ya raba su da gida, irinmu ke nan.

A ƙarni na 19, zamanin Sarauniya Victoria, masana'antu suka canza rayuwar Ingila. Manomi yana iya hutun kwana goma sha biyu a tsakiyar hunturu, amma ma'aikacin masaƙa ba shi da wannan dama. Biki ya tsuke ya koma kan ranar Kirsimeti da washegarinta, daren goma sha biyu ya yi ta dushewa, kek ɗinsa kuma ya yi ƙaura ya dawo 25 ga Disamba. A wajen ƙaurar ya bar wakensa a baya. Abin da ya rage na al'adar sai ya koma cikin pudin, inda ake jefa ƙaramin kuɗin azurfa, wanda ba wani ba ne illa sisin nan da iyayenmu suka kashe a zamanin Turawa, wanda har yau muke cewa ba ni da ko sisi. Wanda ya tsince shi ana cewa zai yi arziki a sabuwar shekara. A 1927 ma hukumar tallata kayan daular Ingila ta fitar da tsarin haɗa pudin daga wajen mai dafa wa Sarki George na Biyar abinci, inda kowane kaya aka faɗi ƙasar da za a samo shi: zabibi daga Ostireliya da Afirka ta Kudu, tuffa daga Kanada, kanumfari daga Zanzibar, giyar rake daga Jamaika. Daula guda a cikin kwano ɗaya.

Maganar daɗewarsa kuwa ba ƙari ba ne. Yawan sukari da ƙarancin ruwa a jikin busassun 'ya'yan itatuwa, da kuma barasar da ake tsiyaya masa, su suke hana shi yin fumfuna. Shi ya sa ake iya sa shi a gwangwani a aika wa soja a fagen daga ko ɗa da yake aiki a wata ƙasa, ya yi makonni a jirgin ruwa ya isa lafiya. Irinsa ne Turawan Ingila suke yi na bikin aure, su yanka ƙanana su sa a 'yan akwatuna su aika wa waɗanda ba su samu zuwa ba, su kuma ajiye hawa na sama har ranar da za a yi wa ɗan fari baftisma. A 2017 masu adana kayan tarihi daga New Zealand suka tsinci wani a wata tsohuwar bukka a yankin ƙanƙara na Antatika, wanda ake jin tawagar Robert Falcon Scott ce ta bar shi a 1911. Gwangwanin ya yi tsatsa, amma kek ɗin yana nan a naɗe cikin takardarsa bayan shekaru 106.

To yaya aka yi ya iso nan? A watan Disamba na 1842 aka yi taron Kirsimeti a Badagiri ƙarƙashin wata bishiya, wanda 'yan mishan biyu, Thomas Birch Freeman da Henry Townsend suka jagoranta, kuma shi ake ɗauka a matsayin na farko a ƙasar nan. A shekarun da suka biyo baya 'yantattun bayi da suka zauna a Saliyo, waɗanda ake kira Saro, suka yi ta dawowa Legas da Abeokuta da boko da coci da wasu ɗabi'un Turawa. Ta gidajensu, da makarantun mishan inda ake koya wa 'yan mata girki da ɗinki, da kuma kantunan Turawa, kek ɗin ya samu wurin zama. Amma gaskiyar magana, a yawancin gidajen Kirista a Najeriya abincin Kirsimeti shinkafa ce da kaza da cincin. Baƙin kek an fi samunsa a tsofaffin gidajen Legas da wajen masu sana'ar gashi da cikin hamfa.

Ni a hannun wata dattijuwa na san shi, a gidan haya da muka zauna a Yaba. Tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, kakarta daga cikin Saro take, duk gidan Mama muke kiranta. Tun watan Oktoba take fara shiri. Za ta yayyanka zabibi da dabino da ɓawon lemo da aka dafa da sukari, ta zuba a babbar kwalba, ta tsiyaya giyar birandi ta rufe ta tura ƙarƙashin gado. A shekararmu ta farko a gidan, wata rana da yamma ta tsayar da ni a bakin famfo.

"Maman Sadik, zo in tambaye ki. Ku ko ɗigo ɗaya na giya ba kwa ci a abinci, ko?"

"Haka ne, Mama, ko ɗigo."

"To, na ji."

Ba ta ƙara cewa komai ba. Bayan kwana biyu na shiga gaishe ta sai na ga kwalabe sun zama biyu, ɗaya an ɗaura mata jan zare a wuya. A cikinta baƙin shayi ne mai ƙarfi da ruwan lemo a maimakon giya, kuma a firji take ajiye ta. Ta sayi sabuwar muciya da sabon gwangwanin gashi ta ware su domin wannan. Babu wanda ya roƙe ta, babu kuma wanda ya yi mata wa'azi.

A ƙarshen watan Nuwamba akwai wata Lahadi da 'yan cocin Angilika suke kira Lahadin juyi, saboda kalmar farko ta addu'ar ranar a littafinsu tana nufin zaburarwa, tana kuma nufin juya abu a kwano. A al'adar Ingila ranar ce ake kwaɓa pudin, kowa a gida ya kama muciya ya juya sau ɗaya. A ranar Mama take kwaɓa nata kek ɗin. Namu mai jan zare kuwa sai ana saura mako guda take yin sa, domin ta ce wanda babu giya ba ya jure dogon ajiya a zafin Legas. Ranar sai ta tara yaran gidan kaf, 'ya'yan Yarabawa da na Ibo da nawa, su yi layi kowa ya juya. Gashinsa yana cin awa uku zuwa huɗu a wuta kaɗan-kaɗan, ƙamshin kirfa da kanumfari ya cika gidan har bakin titi. Idan ta zo rabo kuma sai ta yanka ɗaya ta rufe da faranti ta ajiye gefe. Na taɓa tambayarta na wane ne.

"Na wanda Allah ya kawo ne, 'yata. Haka kakata take yi."

Wata shekara mai kwasar shara ne ya ci, wata shekara wani mai gyaran takalmi ɗan Nijar da ya shigo neman ruwan sha.

Mu ma ba mu taɓa mayar mata da farantinta haka nan ba. Da layya cinyar rago take samu, da ƙaramar sallah kuma alkaki da dubulan. Ranar da aka aiko mini da nakiya daga Zariya na kai mata, na gaya mata shinkafa ce da zuma da man shanu da kayan yaji, kuma takan yi watanni ba ta lalace ba, shi ya sa ake sa ta a garar amarya, sai ta yi dariya ta ce ashe ku ma kuna da naku. Lallai muna da namu. Kowace al'umma da ta san tafiya da zumunci ta ƙirƙiro wani abin zaƙi da zai iya jure hanya.

Kada wani ya ce wannan duk maganar kwaɗayi ce. Mu da muke zaune a kudu mun san yadda gari yake juyewa cikin sa'a guda. An yi a Idi-Araba a 2002, an yi a Shasha ta Ibadan a 2021. A watan Maris na 2016 da rikici ya tashi a Mile 12, inda ƙanena yake sayar da albasa, kafin in gama neman layinsa a waya Mama ta riga ta tsaya a ƙofar ɗakina da zani a kafaɗa. Ta ce idan an same shi a ce ya taho nan, akwai katifa a ɗakin ɗanta, kuma duk wanda ya zo tambaya ita za ta amsa. Kwana huɗu ya yi a wajenta. Faranti da yake kai da kawowa tsakanin ƙofa biyu shekara da shekaru, shi ne ya share hanyar da ta biyo a wannan rana. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, ni kuwa na ga tana tafiya a faranti ma.

Mama ta rasu, Allah ya sa mu ma mu cika da kyau, magada sun sayar da gidan, mu kuma mun koma wata unguwa mai katanga da mai gadi, inda za ka shekara ba ka san sunan na kusa da kai ba. Kek ɗin Kirsimeti yana zuwa har yanzu, amma a cikin hamfa daga wurin aikin maigidana, da kati da aka buga da inji. Babu wanda ya tambaye mu abin da muke ci da wanda ba ma ci. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuma kayan haɗinsa, waɗanda kusan duka daga waje suke zuwa, suka yi tsadar da masu yi a gida da yawa suka haƙura. Kek ɗin da ya rasa wakensa a zamanin Victoria, ina tsoron kada ya rasa rabon baƙonsa a zamaninmu.

Saboda haka ga 'yar shawarata ga 'yan uwa, musamman sababbin zuwa. Idan maƙwabci ya aiko muku da shi, ku tambaya kai tsaye ko an sa giya. Tambayar tana da muhimmanci, domin a irin na gargajiya bayan an gasa ma ana huda shi da tsinke a riƙa tsiyaya masa birandi duk mako, saboda haka maganar cewa wuta ta ƙone giyar ba ta taso ba. Na kanti kuma a duba rubutun da ke jikin kwalin. Idan akwai, ku faɗa wa mai kyautar dalilinku da sakin fuska, ku yi godiya, ku ba yaron da ya kawo tukwici. A iya zamana ban ga wanda ya ji haushin wannan ba, hasali ma sau da yawa shekara mai zuwa sai ku ga an aiko da wanda za ku iya ci. Abin da yake ɓata zumunci shi ne a karɓa da murmushi a zubar a bayan gida, domin ko ba daɗe ko ba jima mai kyauta zai gane.

Sannan idan tamu sallar ta zo, kada mu tsaya a gidajen 'yan garinmu kawai. A ƙirga ƙofofin da ke kusa, a zuba wa kowa, a kuma ware kwano ɗaya domin wanda ba a san da zuwansa ba. Yaranmu da aka haifa a nan suna kallon abin da muke yi, kuma da shi za su zauna da mutane bayan ba mu.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya mayar da kowa gida lafiya.